Kullum dare ina Agege, alhali ina kwance a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina wuni, ya gida, ya iyali? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A Agege ta Ikko aka haife ni, can na yi allo, can na yi boko. Mahaifinmu mutumin Jega ne, goro ya kai shi kudu ya zauna. A 2010 aka kawo ni aure Birnin Kebbi, gidan ɗan wan Baba. Yanzu yaranmu huɗu, kuma tsakani da Allah maigidana bai rage ni da komai ba. A 2018 Baba ya rasu ina cikin jego, ko suna ba a yi ba. Kafin in gama gane abin da ake faɗa mini a waya, har an kai shi makwancinsa. Da Inna ta fita takaba, Yaya ya dawo da ita Jega, aka miƙa wa mai gidan haya makullinsa. Tun daga nan ban sake taka Ikko ba.

Da damina ƙanen maigidana ya nuna mini yadda ake shiga cikin titi a Google Maps, mutum ya riƙa gani kamar da ƙafarsa yake tafiya. Na nemi layinmu, na samu. Ga masallacinmu, ga famfon da muke bin layin ruwa, ga shagon Baba. A ƙofar shagon akwai dattijo zaune a benci, da farar riga, buta a gefensa, fuskar a dusashe. Gwaggo, na rantse Baba ne. Na tura wa Yaya, ya ce ba shi ba ne, in daina wahalar da kaina.

Tun ranar, da yara sun yi barci sai in shiga, wani lokaci har kiran assalatu. Ɗan abin da nake samu a ɗinki ya ƙare a sayen data. Sau biyu maigidana yana farkawa ya tarar ina kuka da waya a hannu, ni kuma in yi sauri in kife ta. Yanzu ya canza mini fuska, na san zargi ya shiga ransa. Na kasa faɗa masa, don dama dangi suna kirana 'yar Ikko, ina tsoron ya ce garinsu nake rainawa. Shin zunubi nake yi? Butulci ne? Har na fara tunanin sayar da kekena in yi kuɗin mota, in je in gano layinmu.

Ɗiyarki, daga Badariya, Birnin Kebbi.

*

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Ke kuma Allah ya sanyaya miki zuciya.

Zan fara da tambayar zunubi, don na ga ita ce ta fi ci miki tuwo a ƙwarya. Begen garin da mutum ya tashi a ciki ba laifi ba ne, kuma waɗanda suka fi mu daraja sun riga mu ɗanɗanarsa. Da Sahabbai suka yi hijira, zazzaɓin Madina ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal. Nana A'isha ta ba da labarin cewa in zazzaɓin ya ɗan saki Bilal, sai ya ɗaga murya da waƙen begen Makka: ina ma ya sake kwana ko da dare ɗaya a kwarin nan mai ciyayin izhiri, ina ma ya gangara ruwan Majanna, ya hango duwatsun Shama da Ɗafil. Bilal ne fa, wanda a wannan Makkar aka kwantar da shi cikin rana aka aza masa dutse a ƙirji. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba, bai ce ya yi wa mutanen Madina butulci ba. Addu'a ya yi, ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Wannan yana cikin Buhari. Shi kansa Manzon Allah ya taɓa fuskantar Makka ya ce ita ce mafi soyuwar ƙasar Allah a wurin Allah, kuma da ba fitar da shi aka yi ba da bai fita ba.

Ki kula da addu'ar nan da kyau. Bai roƙi a cire musu son Makka ba, ƙari ya nema. Ita nake so ki riƙe a sujjadarki: Allah ya sanya miki son Birnin Kebbi kamar yadda kike son Agege. Zuciya tana ɗaukar gari biyu, kuma son ɗaya ba ya zama cin amanar ɗaya.

Amma ɗiyata, na karanta wasiƙarki a natse, kuma inda na tsaya shi ne inda kika ce ko suna ba a yi ba. Na san yadda ake yi wa mai jego in rasuwa ta same ta. Kowa ya shigo ya ce ki yi haƙuri saboda jariri, kada ki yi kuka nono ya ƙafe, ki sha kunu, ki kwanta. Ba ki ga gawa ba. Ba ki zauna a tabarmar gaisuwa tare da Inna ba, ba ki ji abokan Baba suna shigowa suna faɗin kirkinsa ba. 'Yan uwanki sun yi kukansu a tare a cikin gidan da kuka tashi, ke kuwa kina nesa, ana shirin rakkiyar masu barka. Bayan 'yan kwanaki aka yi suna, aka ci gaba da rayuwa. Kukan da aka hana ki a 2018 bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran ranar da zai samu ƙofa, kuma hoton nan ne ya buɗe masa. Shi ya sa famfo da masallaci ba su ne ke hana ki barci ba. Da babu dattijon nan a benci, da kin kalli layin sau biyu ko uku, kin yi murmushi, kin wuce.

Kuka a kan mahaifi kuwa babu mai hana ki. Manzon Allah ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka, alhali tun yana ɗan shekara shida ta rasu. Ranar da ɗansa Ibrahim ya cika ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. In hawayenki ba su taho da maganar saɓo ba, rahama ce.

Abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki, wanda ba zan so ya ƙara kwana bakwai ba, shi ne kife wayar nan da kike yi. Ki tsaya a inda maigidanki ya tsaya ki duba. Mutum ya farka tsakar dare, ya ga matarsa tana hawaye da waya, yana motsi ta ɓoye ta. Sau biyu. Me kike so ya ɗauka? Ko waliyyi ne sai Shaiɗan ya raɗa masa wani abu. Kina ɓoye abin da babu aibu a cikinsa, irin ɓoyon mai laifi, kuma kowane dare da ya wuce zargin yana ƙara kauri. Gidaje da yawa sun girgiza a kan abin da bai kai wannan ba, don kawai an yi shiru a lokacin da ya kamata a yi magana.

Ga kuma abin da na ga kamar kin manta saboda tsoro: Baba baffansa ne. Ƙanen mahaifinsa ne, shi ya ɗauki ɗiyarsa ya ba shi. Ba baƙo za ki nuna masa ba. Ki samu lokaci da rana, bayan ya ci abinci ya natsu, yara ba sa kusa. Ki buɗe hoton ki miƙa masa wayar a hannunsa, ki ce: “Baban yara, abin da ka tarar ina kallo ke nan. Shagon Baba ne. Na kasa faɗa maka ne don ina jin nauyi, ka yafe mini.” Iyakarta ke nan. Kada ki kawo maganar dangi da sunan da suke kiranki a wannan zaman, wannan magana ce ta wata rana. Ki bar shi ya riƙe wayar, ya juya ta yadda ya ga dama, ya duba abin da zai duba. Mai yiwuwa ya yi shiru, maza da yawa haka suke in kunya ta kama su. Kada ki ɗauki shirun a matsayin fushi. In kuma kin san bakinki ba zai iya ba, ki sa ƙanensa da ya nuna miki abin tun farko ya buɗe masa a gabanki.

Yanzu bari mu zo ga hoton kansa, don sanin yadda aka yi shi zai rage masa ƙarfin da yake da shi a kanki. Kamfanin Google yana da motoci masu kyamara a saman rufi, suna bin titi suna ɗaukar hoto ta kowace fuska, daga baya kwamfuta ta haɗa hotunan su zama kamar hanya ɗaya. Sun fara wannan a Amurka a 2007, suka buɗe na Legas a watan Yuli na 2017. Abin da kike gani ɗan lokaci ne na rana ɗaya da mota ta gifta. Ba kai tsaye ake nuna miki ba, shi ya sa kullum kika shiga dattijon yana nan a zaune, butar tana inda take. A gefen hoton akan rubuta wata da shekarar da aka ɗauka. Ki duba. In ya nuna kafin rasuwar Baba, to maganarki tana da ƙafa. In ya nuna bayanta, Yaya ya yi gaskiya, kuma gara ki sani.

Fuskar kuwa ba mutum ne ya zauna ya dusasar da ita ba. Na'ura ce take yi wa kowace fuska da kowace lambar mota haka, don kare sirrin mutanen da aka ɗauka ba da saninsu ba. Ba a mayar da ita. A nan zan ja miki kunne sosai: akwai manhajoji na ƙirƙirarriyar basira da ake tallatawa cewa suna fito da hoto tas, akwai kuma yaran shagunan waya da za su ce ki kawo kuɗi su buɗe miki fuskar. Abin da manhajar take yi shi ne ta ƙirƙiro fuskar da ta ga ta dace da wurin, fuskar mutumin da bai taɓa rayuwa ba, ta liƙa. Za ki biya kuɗi a ba ki baƙo sanye da rigar Baba, kuma in kin yawaita kallonsa sai ya fara gogayya da fuskar gaskiya da ke cikin ranki. Kada ki yarda. Haka kuma akwai wurin da ake dannawa a kai ƙorafi a nemi a dusasar da gida ko shago. Kada hannunki ya kai can bisa kuskure, don in suka yi ba sa warwarewa.

To, Baba ne ko ba shi ba ne? Ɗiya takan gane mahaifinta ta yanayin zama, ta yadda yake karkata hula, ta inda yake ajiye buta, ko ba ta ga fuska ba. Ba zan ce ganinki ƙarya ne ba. Amma ki sani ƙofar shagon mai goro majalisa ce, dattawa nawa ne suka zauna a bencin nan? Yaya ma yana iya zama ya gane shi sarai, ya ce a'a don ya raba ki da abin da ya ga yana cin ki, ko don shi kansa ba ya son a tono masa. Kada ki yi jayayya da shi. Akwai wadda ta fi ku duka sanin rigunan Baba, don ita ta wanke su shekara da shekaru, kuma tana Jega, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga ƙofar gidanki. Ko ma wane ne a zaune, shagon nasa ne, bencin nasa ne, kuma wannan ba mai musun sa.

Ki adana hoton tun yau. Google yana sake bin tituna lokaci zuwa lokaci, sabon hoto ya hau kan tsoho. Sau da yawa ana iya komawa na baya ta wurin zaɓen shekaru, amma kada ki jingina da hakan. Ki ɗauki hoton allon wayar ta kusa da ta nesa, shagon, masallacin, famfon, kan layin. In da hali a buɗe a kwamfuta, ya fi fitowa da faɗi. A kai wa mai hoto ya wanke, ki tura wa 'yan uwanki kowa ya ajiye nasa. Wannan zai yi miki amfani biyu. Tsoron da ke can ƙasan ranki, na cewa wata rana za ki shiga ki tarar babu shi, zai kau. Sannan hoton da ke cikin akwati ko jikin bango ba ya cin data, kuma ba ya jan mutum daga wannan layi zuwa wancan har gari ya waye.

Don gaskiya, ɗiyata, raya dare a kan waya yana cutar da ke. Mai yara huɗu da keken ɗinki, in ba ta yi barci ba, da rana yaran za su gani a fuskarta, masu kawo ɗinki su gani a ɗinkinsu. Kuma dare yana ƙara wa baƙin ciki nauyi, abin da za ki kalla da hantsi ki yi ajiyar zuciya, shi ne da ƙarfe biyun dare zai sa ki kuka har ki shaƙe. Ba na ce ki daina shiga ba, don na san ba za ki iya ba, kuma ban ga dalili ba. Ki canza masa lokaci, ki canza masa abokan kallo. Ranar Juma'a da la'asar, ki tara yaran, ki bi da su layin. Nan ne makarantar allonmu, nan muke sayen burodi da zafinsa, nan jirgin ƙasa yake wucewa mu toshe kunne. Ƙaraminku da aka haifa a makon rasuwar bai san kakansa ba sai a bakinki. In kun gama ku yi masa addu'a tare, a rufe waya. Da dare kuwa ki bar ta tana caji a falo. In kin farka zuciya ta motsa, ki yi alwala, lokacin nan ya fi dacewa da roƙa masa gafara, kuma addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa ga mamaci.

Idan kin gyara wannan duka amma wata guda ya wuce barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, kina jin duniyar ta fita ranki, to ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini. Asibitin Sir Yahaya yana nan cikin gari. Baƙin cikin da ya daɗe a danne yakan rikiɗe ya zama ciwon damuwa, yana da magani, kuma zuwa neman maganin ba raunin imani ba ne.

Zan koma kan Inna, don a nan zuciyata ta fi tsayawa. Kina bin titunan Agege da yatsa cikin dare, alhali matar da ta yi rabin rayuwarta a waɗannan titunan tana zaune a Jega, wataƙila babu mai tambayarta komai a kai. Kin taɓa tunanin irin kewar da take ciki? Ke aure ya raba ki da garin kina yarinya. Ita rana ɗaya ta rasa miji, bayan wata huɗu da kwana goma ta rasa maƙwabta, kasuwa, masallaci, da ƙawayen da suka yi goyo tare. Tsofaffi ba sa faɗa. Ki shirya ki je mata da hoton a wanke, ku kwana biyu. Kada ki fara da tambayar ko Baba ne. Ki miƙa mata ki yi shiru, za ki ji abin da zai fito. Ki kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, in ta yarda, ki tambaye ta yadda suka sauka Ikko, wa ya sauke su, a wane gida, nawa ake sayar da huhun goro a lokacin, wa ya yi mata wankan jegonki. Motar Google ta ɗauki bango da kwata, amma sunayen mutanen da ke bayan bangon suna bakin Inna kaɗai, kuma ranar da ta tafi sun tafi.

A bakinta kuma za ki samu sunayen abokan Baba. Hadisi ya zo a Muslim cewa mafi girman biyayya shi ne mutum ya sadar da zumunci ga masoyan mahaifinsa bayan ya tafi. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka daga jakinsa ya ba shi, ya cire rawaninsa ya ba shi, don kawai mahaifin mutumin abokin Sayyidina Umar ne. Ki nemi lambar limamin masallacinku, ko maƙwabcin shagon, ko matar da kuke kira Iya a gidan hayar. Maigidanki ko Yaya su kira su gaishe su, ki karɓa ki gaisa. Ki aika da ɗan abin da ya samu, ko turmin atamfa ne, ko kilishi, ko abin tabarmar masallaci da sunan Baba. Hanyar aike ba ta da wuya. Motocin albasar Aliero suna sauke kaya a kasuwar Mile 12, motocin shanu suna zuwa mayankar Oko-Oba da ke nan Agege, kuma a Jega ba za a rasa direban da iyali suka sani ba. Zumunta a ƙafa take, amma kafin ƙafa ta samu zuwa, murya da saƙo suna riƙe ta.

Maganar keke kuwa, a'a. Kada ki sayar. Keken nan shi ne abin da kika gina da hannunki a Birnin Kebbi, shi ne ya haɗa ki da matan unguwa, shi ne rufin asirinki. In kin sayar kin tafi, za ki dawo ki tarar da kewar tana nan, sana'a babu. Tafiyar kanta ina goyon bayanta, har ma ina ganin haƙƙinki ce, amma a yi ta a tsari: da yardar maigida, tare da shi ko da Yaya, da kuɗin da aka tara a hankali, ko adashe ne ki shiga da niyyarta. Hanya ce mai nisa, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, a haye Kwara a Jebba, Ilori, Badun, sannan Ikko. A tambayi direbobin da ke bin ta halin da take ciki kafin a sa rana, kuma a guji tafiyar dare inda ya yiwu.

Ki kuma shirya zuciyarki, don Agegen da za ki tarar ta sha bamban da ta cikin wayarki. An gina gadar sama a Pen Cinema, aka buɗe ta a watan Maris na 2021. A watan Yuni na 2021 ɗin kuma aka buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Badun, da sabuwar tasha a Agege. Ayyukan nan sun ci shaguna da gine-gine da dama a bakin titi da gefen dogo. Shagon Baba yana iya kasancewa yana nan da wani a ciki yana sayar da kayan waya, yana iya kasancewa babu shi. Wadda ta je neman layin yarintarta za ta dawo da ciwo sabo. Wadda ta je gaishe da mutanen mahaifinta, ta ga unguwar da aka rufe shi, ta yi masa addu'a a kusa, za ta dawo da sauƙi. Game da shigar mata maƙabarta malamai sun yi saɓani, ki tambayi malamin da kuke bi kafin ku tashi, don kada a yi gardama a can.

Saura sunan 'yar Ikko. Na san yana yi miki zafi, musamman in an faɗe shi a taron biki ana dariyar yadda harshenki yake karkata. Ina kuma zaton a can Agege 'yar Hausa ake ce miki, don haka kin tashi ba ki cika zama 'yar gida a ko'ina ba. Masu faɗa su ji tsoron Allah, yarinyar da aka ɗauko daga nisan duniya aka kawo cikin dangi amana ce, kuma bayan shekara goma sha bai kamata a ci gaba da tuna mata cewa baƙuwa ce ba. Amma ke ma kada ki sunkuyar da kai. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin da dogo ya ratsa garin, goro yana hawa arewa, shanu suna gangara kudu, har suna da sarkinsu. Jega kuwa tun kafin zuwan Turawa kasuwar fatake ce. Baba bai yi abin da kakanninsa ba su yi ba. Kina jin Yarbanci, kin san ɗinkin kudu, kin san yadda ake ciniki da mutanen can. A cikin Birnin Kebbi akwai matan Yarbawa da na sauran ƙabilu da aiki ko kasuwa ya kawo mazajensu, da yawansu suna neman telar da za ta gane abin da suke nufi ba sai sun yi ta kwatance ba. Ki neme su. Za ki samu kasuwa, za ki kuma samu wadda in kin ambaci Pen Cinema ko Dopemu za ta ce ai nan gidan yayarta yake.

Ga maigidanki, in wannan shafi ya kai gare shi: ɗana, matarka marainiya ce da ba ta samu yin bankwana ba. In ta miƙa maka wayar, ka karɓa da hannu biyu. Ka kai ta Jega wannan makon, in Allah ya hore kuma ka sa ranar Ikko, ko da bayan girbi ne, ka faɗa mata ranar don ta san ana lissafi da ita.

Ke kuma ɗiyata, ki fara da maigida kafin Juma'a, sannan mai wankin hoto, sannan Inna. In kin dawo daga Jega ki rubuto mini abin da ta ce game da rigar. Ki gaishe ta, ki shafa mini kan yaran.

Gwaggonku.